Rakiyar Iya Tabawa Maraɗi Neman Lasisin Murhu

Jama'a, na gaji. Tun da muka dawo daga Maraɗi ban sha shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya dafa kafaɗata: "Ɗanlami, wai da gaske an ba ka lasisin murhu?" In fara ba shi labari, in kai tsakiya, wani ya iso ya ce a koma farko. Shekaranjiya har wani fasinja ya bar motar Kano ta tashi ba shi, wai sai ya ji ƙarshe. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in yi lodi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ɗanlami, ɗan kamasho a tashar Rogo. Iya Tabawa kakata ce, ita ta haifi babana, tana zaune a Fulatan. Sana'arta ginin murhu. Ba na duwatsu uku ba, wanda iska ke kwashe wutarsa ta kai wa maƙwabta. Nata na laka ne, bango zagaye, ƙofa ɗaya, tukunya ta zauna a ciki daram. Itacen da wata za ta ƙone a yini, mai murhun Iya sai ta kwana uku tana ja. Mata su ba ta gero, su ba ta gyaɗa, da haka take ci. Ba ta taɓa miƙa wa babana hannu ba, kuma ba ta bari ya manta.

Sai gwamnati ta gano itace yana ƙarewa. Mu da muke saye mun daɗe da ganowa. Aka buɗe ofishin tsimin itace a Karaye, aka kawo mota, aka kawo teburi, aka kawo Malam Garba aka zaunar a bayan teburin. Ran kasuwa aka yi shela: daga yau ba mai gina murhun tsimi sai mai lasisi, wanda aka kama a ci shi tara.

Iya ba ta tsoron maciji, ba ta tsoron dagaci, amma tana tsoron takarda. Ta wanke hannu ta zauna. Sati uku mata suna aiko mata tana cewa a yi haƙuri. Babana ya aika mata da hatsi, ta mayar masa da abinsa. Da na je gaishe ta na ga wuyanta ya yi tsawo, sai na hau mota na nufi Karaye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina ake sayar da lasisin nan?"

Malam Garba ya ce, "Ba a sayarwa. Kwas ake yi, a ci jarrabawa."

"A nan?"

"A Maraɗi. Su suka riga mu farawa, su ke da malamai."

"Ranka ya daɗe, duk ofis ɗin nan babu mai iya duba murhu?"

Ya gyara hula. "Shi ya sa za mu je."

Ashe an ware kujera biyu ta ɗalibai, ba wanda ya nema. Iya ba za ta tafi ita kaɗai ba, motar gwamnati kuma ba ta ɗaukar ɗan rakiya. Malam Garba ya jawo fom ya dube ni.

"Ka taɓa gina murhu?"

"Na taɓa cin abin da aka dafa a kai."

"Ya isa." Ya rubuta sunana a ɗalibi na biyu.

Ranar tafiya motoci biyu suka zo Fulatan. Fijo ta ɗauke mu, ni da Iya da Malam Garba da direba Sale. A bayanmu a-kori-kura cike da itace har sama, don takarda ta ce da irin itacen gida za a yi jarrabawa. Marke biyu aka kayar don wannan tafiya ta tsimin itace. Iya kuma ta fito da buhu guda na lakar Fulatan, ta ce ba ta san halin lakar wasu ba. Ni na ɗora shi a but, bayana ya yi ƙara.

Ta ce, "Kai mijin nan nawa ba ƙarfi ba kuɗi. Ko goron tafiya babu?"

Na ce, "Amarya, ƙasar waje zan kai ki, kina zancen goro?"

Batirin fijon ya mutu tun bara, an rubuta Kano a aiko da sabo, ana jira. Saboda haka Sale ba ya kashe mota. Muka tsaya a Gwarzo shan mai, tana kunne. Muka yi salla, tana kunne. Ni dai na tabbata da a ce mun mutu a hanya, a kunne za a same ta.

A Dayi tayar a-kori-kura ta fashe. Muka sauka muka zauna kusa da wata mai ƙosai. Murhunta duwatsu uku, wuta na fita ta ko'ina, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja kamar gauta. Na ga Iya tana kallon murhun, yatsunta na motsi a kan cinya. Can ta miƙe ta ce, "'Yar nan, akwai laka a bayan gidan ku?"

Malam Garba ya yi gyaran murya. "Iya, ba lasisi tukuna."

Ta koma ta zauna, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin mayafi. Ƙosan ma ba ta ci ba.

Katsina muka ci shinkafa, mota na kunne. Da la'asar muka wuce Jibiya. Namu na bakin iyaka suka ga hatimin gwamnati suka ɗaga mana hannu. Na can kuwa, jandarmomi, ba su san hatiminmu ba, ba su kuma nuna suna son saninsa ba. Wani dogo siriri ya zagaya a-kori-kura sau biyu, ya ce ina takardar gandun daji ta shigo da itace. Malam Garba ya fito da takardu har bakwai, babu ita a ciki. Aka ce motar ta koma gefe ta jira. Nan muka bar ta da direbanta, kwana biyar, gwamnati na biyansa kuɗin kwana yana gadin marke.

Dogon ya buɗe but ɗinmu. "Mi ke cikin buhun ga?"

Na ce, "Laka."

Ya dube ni kamar na zagi babansa. Ya soka ƙarfe, ya zaro, ya shinshina. Ya kira wani, shi ma ya shinshina. Ba su yarda akwai mahalukin da zai tsallaka iyaka da laka zalla ba. Suka sa na zazzage buhun a bakin titi, suka durƙusa suna marmasa ta da hannu, suna neman zinariya. Abin da suka samu ƙaiƙayi ne da kashin jaki, don da su Iya take haɗi.

Iya ta fito daga mota ta tsaya a kansu. "Kun gama? To a kwashe mini ita yadda aka gan ta. Kai dogo, ga wani ɓarɓashi can kusa da takalminka."

Wallahi ya kwashe. Yana ɗaure bakin buhun yana tambayarta a hankali ko akwai dabarar da zai gaya wa matarsa, itace na cinye masa albashi. Iya ta buɗe baki, ta dubi Malam Garba, ta rufe.

Maraɗi gari ne na Hausawa kamar mu, sai dai an juya musu wasu abubuwa. Masaukinmu wani gidan baƙi ne bayan kasuwa, ɗakunan kamar tanda, kowa ya ja gadonsa na igiya ya fito tsakar gida. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi. Ɓawonsa sai ka yi bismilla biyu. Iya ta juya shi ta ce, "Wannan na ci ne ko na korar akuya?" Sai a kunu ta jiƙa nata. Shayinsu kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, sau uku ake ba ka, na farko ɗaci kamar an ce ka biya haraji. Ka sha na farko ka tashi, ka yi rashin kunya. Kilishinsu dai ban da abin cewa, Allah ya yi masa albarka.

Abin da ya fi burge ni shi ne barcinsu na rana. Da azahar ta gabato sai gari ya mutu. Ofis a rufe, kanti a rufe, har ɗan kamasho ya shimfiɗa kwali ya kwanta, fasinja ya jira. Sai la'asar a farfaɗo. Na ce da Sale in aka kawo wannan doka Rogo, ni zan fara yi mata biyayya. Shi Sale bai samu barcin ba. Ya sami wani gangare bayan masauki ya ajiye fijo a kai don ta tashi ba batir, kullum yana zaune yana gadin kada wani ya tare masa gaba.

Muna tsaye a filin kwas sai ga wata mata a kan ɗan ƙaramin babur, zani ɗaure, jaka a baya, ta yi kwana ta tsaya a gabanmu. Iya ta kama hannuna. "Ɗanlami, mijinta ya sani?" Ashe malamarmu ce, Madam Zainabu.

Madam ba ta wasa. Mu kusan ashirin ne daga garuruwa daban-daban, ta tara mu gaban allo ta zana tukunya, ta zana bango, ta ce sirrin duka yana cikin tazarar da ke tsakaninsu. In ta yi faɗi wuta ta gudu, in ta matse wuta ta shaƙe. Ta raba mana rula. Iya ta karɓi tata ta sosa baya da ita, ta ajiye. Ta kwaɓa lakarta, ta ɗora tukunya, tana zagayawa da ɗan yatsa tsakanin tukunya da bango.

Madam ta tsaya a kanta. "Inna, ina awonki?"

Iya ta ɗaga yatsa. Madam ta kama yatsan ta ɗora a kan rula, ta duba allo, ta sake duba yatsan. Ta auna murhun ta gabas, ta auna ta yamma. Sai ta jawo kujera ta zauna tana kallon hannun Iya har aka tashi.

Nawa murhun kuwa, ranar farko ya yi kama da murhu. Rana ta biyu ya yi kama da kasko. Rana ta uku ya kwanta. Aka ce ba komai, akwai na ƙarfe da maƙera suka ƙera, in yi jarrabawa da shi.

Jarrabawa kashi biyu ce. Ta farko rubutu, kuma Malam Garba ne ya zo da tambayoyin daga gida, da Turanci. Ni na yi firamare, kuma ɗan tasha ba ya rasa amsa. Duk tambayar da ban gane ba sai in rubuta mata ita kanta daga ƙarshe zuwa farko. Iya ta ce a karanta mata da Hausa ta amsa da baki. Malam Garba ya duba takardarsa ya ce ba a rubuta haka ba. Ta dangwala yatsa a saman takardar, ta miƙa masa fara fat.

Ta biyu tafasa ruwa. A auna maka itacen Maraɗi a sikeli, tunda namu na bakin iyaka, a cika tukunya, Madam ta riƙe agogo. Iya ta ce murhun laka sai ya sha rana sati guda, nata kwana uku kawai ya yi, cikinsa ɗanye ne. Aka ce mota ba za ta jira sati ba. Aka kunna. Nawa na ƙarfe, kafin in gama hamma ruwa ya fara rawa. Ni ne na ɗaya. Na Iya yana ta fitar da tururi ta jikinsa, sai da kowa ya gama sannan ruwanta ya motsa.

Ta dubi tukwane ashirin suna tafasa, ba ko ƙwayar hatsi a ciki. Ta ce, "Wai haihuwa aka yi a gidan nan? Duk wannan ruwan zafi, ina mai jegon?"

Aka yi dariya har da Madam. Amma a takarda an rubuta ta faɗi.

Washegari walimar rufe kwas. Aka ce a tuƙa tuwon gero a kan murhun ƙarfe, manyan baƙi su gani da idonsu. Mai abincin masaukinmu, wata ƙaƙƙarfar mata, ta ɗora tukunya, ruwa ya tafasa nan da nan, baƙi suka yi tafi. Ta zuba gari, ta sa muciya ta danna sau ɗaya. Murhu ya bi muciya. Ta ja, ya dawo. Ta sake dannawa, tukunya da murhu suka tafi yawo tsakar fili kamar an kaɗa musu kalangu. Aka ce maza su riƙe. Na kama kunne ɗaya da tsumma, Sale ya kama ɗaya. Malam Garba ya zo ya taka gindin da takalmi, don ya nuna shugabanci. Matar ta ce bismilla ta tuƙa da gaske. Ƙofar murhun ta juyo ta fuskanci babbar rigarsa, shadda sabuwa, wuta ta ce salamu alaikum. Da butar alwala aka kashe ta.

Iya ta tashi. Ta sa muka kinkimi tukunyar muka kai kan nata, wanda wutar jiya ta gama busar da shi. Tukunya ta zauna kamar an haife ta a wurin. Ta tsinci guntayen itacen da suka rage a fili, ta karɓi muciya. Tsohuwar da nake cewa iska za ta ɗauka, ta tuƙa tuwon mutum talatin, murhu ko gezau. Da ta kwashe ta ɗora miya a kan garwashin, har aka gama ci miyar na ƙuna.

Madam Zainabu ta sami Malam Garba yana riƙe da gefen rigarsa. Ta ce, "Malam, in don ni ne, matar ga ita za ta koya mini. Ka ba ta takardarta."

Ya ce, "Madam, ni ma na ci tuwon nan, har ƙari na yi. Amma babu gurbin tuwo a fom ɗin."

Haka aka kira sunana gaban jama'a, aka miƙa mini lasisi. Na karɓa ban iya ɗaga kai ba.

Dawowa ba ta da labari. A bakin iyaka muka tarar rabin marke ya tafi wajen dafa wa direba da jandarmomi shayi. Daga nan har Fulatan Iya ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba. Na saya mata goro a Katsina, ta ce na gode. Tun da nake ban taɓa jin ta ce mini na gode ba.

Bayan sati biyu Malam Garba ya zo tasha ya ɗauke ni. Manya za su zo daga Kano, suna son rahoton murhun da mai lasisi ya duba, mai lasisi kuwa duk yankin ni ne. Muka fara da gidan Malam Idi a Fulatan. Muka yi sallama, ya fito zaure, aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gona. Malam Garba ya ce mun zo duba murhu, ya miƙe ya nufi ƙofar ciki, ina biye da shi.

Malam Idi ya riga mu isa ƙofar. "Ina zuwa?"

"Murhun za mu gani."

"Murhun yana ina?"

"A cikin gida mana."

"Su wa ke cikin gidan?"

Malam Garba ya nuna ni. Ya ce, "Ai yana da lasisi."

Malam Idi ya dube ni tun daga hula har silifa. "Ɗanlamin tasha? Wajen matana? Ko lasisin tuƙa jirgi gare shi."

Gida tara muka je, zaure tara muka gani. Wani ya ce a jira ya ciro murhun ya kawo mana, in za mu biya. Wani ya ce mu hau katanga mu ga abin da zai faru. An buɗe ofis, an kayar da marke, an ƙone fetur har wata ƙasa, ba wanda ya tuna murhu a wajen mata yake, kuma ƙato ba ya shiga.

Da la'asar muka tsinci kanmu a ƙofar Iya. Malam Garba ya cire takalmi ya tsuguna. Ta bar shi a tsugune ta amsa gaisuwa dalla-dalla, har da tambayar lafiyar rigarsa.

Ya ce, "Iya, mun yi shawara. Za a rubuta ki mataimakiyar mai lasisi. Ki shiga ki duba, shi ya sa hannu."

"Mataimakiyar wa?"

Ya nuna ni.

"Wannan? Da na goya, ya yi mini fitsari a baya? Malam, tashi ka tafi, yamma ta yi."

Ya yi gumi. Ya jawo littafin dokokinsa daga jaka yana ta buɗawa, gaba da baya, har ya tsaya a wani shafi can ƙarshe. Ya ce ashe an yarda a yi jarrabawar baka in akwai larura. Na ce, "Ranka ya daɗe, shafin nan bai je Maraɗi ba ne?" Ya harare ni, ya zaro biro.

"Tambaya ta ɗaya. Iya, murhu nawa kika gina a garin nan?"

"Shiga ka ƙirga."

"Ba zan iya shiga ba."

"To rubuta duka."

Ya rubuta. Ya ɗaga kai ya ce babu tambaya ta biyu. Nan a kan gwiwarsa ya cike lasisi, ya huro wa hatimi iska ya buga, Iya ta dangwala yatsa.

Washegari tun da hantsi aka gan ta da kwandon laka a ka, ta nufi gidan Malam Idi. Cikin sati guda ta zagaye gidajen da suke jiranta, babana ya sake aika hatsi don ya gwada, ta aiko masa da gyaɗa.

Ran Juma'a na je gaishe ta. Na same ta tsugune gaban murhu, itacen ɗanye ne yana ta hayaƙi, tana fifita shi da wani farin kwali mai kauri. Na leƙa na ga hatimi a jiki, gefe ɗaya har ya fara baƙi.

Na ce, "Iya! Lasisin ne fa! Kin san abin da gwamnati ta kashe kafin kwalin nan ya zo hannunki?"

Ta ci gaba da fifita, wuta ta kama bal. Ta ce, "To ai ga shi yana aiki. Kai ina naka? Kawo, wannan ya kusa cinyewa."